Ranar da Inna Tumba Ta Kware Rufinta

Bari in faɗa da bakina tun kafin wani ya riga ni: a labarin nan ni ne wawan. Ba mai saye ba, ba magada ba, ni ne, Nomau Dillali, wanda aka sani daga Anka zuwa Bukkuyum har Gummi, wanda ya yi aji huɗu a firamare kuma har yau bai manta biyu daga ciki ba. Na fara da haka ne don ku yi dariyarku tun da wuri ku huta, ku yaran yanzu da kuke tsayawa bakin titi ku ɗauki hoton gida da waya, ku watsa, ku gyara wuyan riga ku ce kun zama ejan. Wani cikinku ya ce mini dillancin gida ba aiki ba ne, surutu ne kawai. Na ce Allah ya haɗa ka da magada cike da zaure, kowa da fushinsa na tun yarinta, sannan ka dawo mu yi maganar.

Kayan aikina ba su da yawa. Igiyar rama mai ƙulli-ƙulli ta awo, turaku na icen ƙirya da gara ba ta ci, sanda, goro a aljihun hagu, sai fuska. Fuskar ce babba. Akwai fuskar gidan rasuwa, wadda ake shiga da ita ana sunkuyar da kai ana kallon girman tsakar gida ta gefen ido. Akwai fuskar tayi, ta mutumin da aka zaga amma ya yafe. Akwai kuma wadda ake yi idan mai gida ya ce albarka, kamar ka taka ƙaya kana jin kunyar ihu. Daga baya na sayi tef na awo don a san ina tafiya da zamani, amma ina ciro shi ne kawai idan mai sayen ɗan boko ne. Da ya juya baya sai in koma igiyata.

Wata gona a bayan Bukkuyum ce ta fara koya mini cewa ido ba ya sayen ƙasa. Gona ce shimfiɗaɗɗiya, an kewaye ta da gamba, ga wata ɗorawa a tsakiya ta yi rassa kamar lema. Mai saye ya ga ɗorawa ya ce ya saya. Muna cikin kafa turaku sai ga wani tsoho ya ɗingiso ya rungume itacen, ya ce gonar dai ku saya, amma ɗorawar ta kakarsa ce, su ke kaɗe ta duk shekara tun kafin a haife mu. Aka tambaya, haka ne. Ƙasa ta wani, itace na wani. Ga kuma gambar iyaka, wadda duk damina take matsawa kaɗan wajen wanda ya fi barci. Tun ranar ba na sayar da gona sai na tambayi kowane itace ubangidansa. Ku riƙe wannan, don ku ga girman wautar da ke tafe: na san abin a gona, ban taɓa shigo da shi cikin gida ba.

Wanda ya koya mini aikin shi ne Baba Arzika, Allah ya jiƙansa, dogon mutum mai ƙaramar hula. Na daɗe ina ɗaukar masa igiya da buta kafin ya yarda in buɗe baki a gaban mai saye. Shi ya koya mini cewa gidan gado ba a taya shi sai an san abubuwa: an biya bashin mamaci? Ya bar wasiyya? An taɓa jinginar da wani sashe? Akwai ɗan da ya tafi ci-rani aka daina jin ɗuriyarsa? Ya ce wanda ya ɓata ɗin nan shi ke dawowa ranar da aka gama fenti. Amma Baba Arzika yana da wata ɗabi'a da take ba ni haushi. Duk gidan da muka je awo, bayan an gama da maza a zaure, sai ya aika da goro wajen tsohuwar gidan, ya nemi izini, ya je ƙofar ɗakinta ya shimfiɗa buzu ya zauna. Su yi ta hira, a kawo fura ya sha, a ƙaro ya sha, ni ina tsaye a rana da igiya. Na yanke masa hukunci a raina cewa kwaɗayi ne. Da na zama mai kaina, abu na farko da na soke a aikin shi ne zaman furar nan. Na ce ni dillali ne mai kama kai.

Wani ɗan kasuwa a Gummi ya sayi gida a hannuna bakin hanya, ya fasa katanga ya fitar da shaguna. Ba a jima ba ya zo mini a fusace, wai masu haraji sun zo.

"Nomau, ba na biya kuɗin gida ba? Mi kuma suka nema?"

Na ce, "Alhaji, ka biya mai gida. Wanga na mai ƙasa ne."

"Ƙasar ba ita na saya ba?"

"Ka sayi zama a kanta."

Ya dube ni kamar ni na ƙirƙiro gwamnati. Haka suke duka. Mutum yana ganin da ya miƙa kuɗi aka ce an sallama, shi ke nan. Bai san da goron mai unguwa da shaidu ba, bai san da kuɗin takarda ba, bai san kuɗin ƙasa na jiran sa ba, bai san cewa idan magada suka kasa shiryawa a zaure suka tafi gaban alƙali, can ma akwai abin da za a cire kafin kowa ya taɓa rabonsa ba. Aikin dillali ne ya faɗi duk wannan tun kafin a yi musabaha, da fuskar da ba za ta kori mai saye ba. Wannan ita ce fuska ta huɗu, kuma ba a samun ta a waya.

Shekarar dalma ita ce mummunar shekararmu. Kafin ita, kuɗin zinari ya sa ko kangon da jaki ke kwana ciki yana da mai tayi. Sai yara suka fara ciwo a Yargalma da Abare da Tungar Daji, aka gano gubar dalma ce, tana cikin ƙurar dutsen zinarin da ake dakawa a tsakar gidaje. Aka yi rashi mai yawa. Aka zo ana kankare ƙasar gidaje ana zuba sabuwa. Ciniki ya tsaya cik. Ko a cikin garin Anka, mai saye ba ya tambayar ɗakuna nawa, sai ya ce, an taɓa daka dutse a nan? Ka rantse, ya ce zai yi shawara, ba ka ƙara ganin sa. Igiyata ta zama ta ɗaure akuya. Na koma sayar da rake a bakin tasha, kuma ban iya ba, don ina tsayawa yi wa mai saye bayanin asalin raken har ya gaji ya tafi.

To a wannan yunwar nake, kasuwa ta fara motsi kaɗan-kaɗan, sai Bawa ya same ni. Bawa babban ɗan wani malami ne da ya rasu a unguwarmu, yana zaune a Gusau yana sayar da kayan babur. Ya ce shi da ƙannensa sun shirya za su sayar da gidan uban a raba, yana son ya ƙara jari. Na yi tambayoyin Baba Arzika duka. Bashi? An biya. Wasiyya? Babu. Jingina? Babu. Wanda ya ɓata? Kowa na nan. Na ce, uwarku fa, Inna Tumba? Ai tana da tumuninta, kashi ɗaya cikin takwas na matar mamaci.

Ya ce, "Inna ba ta da matsala. Ni ne wakilinta. Gusau za ni da ita, ɗaki mai fanka, ga famfo a ƙofa."

"Ta yarda?"

"Za ta saba."

Wannan ba amsar tambayata ba ce, kuma na ji. Amma gidan, jama'a! Duk unguwar ginin ƙasa ne da rufin ciyawa ko na azara, shi kaɗai ke da kwano a kowane ɗaki, yana walƙiya tun daga bakin kasuwa. Ƙyauren zaure na ƙarfe, kore shar. Tagogi masu raga. Rijiya mai bakin siminti da murfi. Ina kallo ina jin la'ada tana yi mini waƙa a kunne.

Ranar awo Bawa ya leƙa ya ɗaga murya: "Mata a shiga ɗaki, maza za su shigo!" Aka ji ƙarar takalma, tsakar gida ta zama wayam, sai kaskon suyar ƙuli-ƙuli a kan murhu yana ƙamshi. Na ja igiya daga katanga zuwa katanga. Da na zo ɗakin da ke kusa da murhun, sai wata murya ta fito daga bayan labule.

"Wa ke auna min ƙofa?"

Bawa ya ce, "Ba kowa, Inna."

"Ba kowa ɗin nan tari gare shi irin na Nomau ɗan Ige. Nomau, ka gaya musu a ɗakin ga na haife su, ba a ƙarƙashin fanka ba. Ba ni zuwa ko'ina."

Na ce, "Allah ya ƙara lafiya, Inna," na ja igiyata na yi gaba. Goro yana aljihuna na hagu. Ban ciro ba.

Mai saye bai yi wuya ba. Wani baƙo ne da zinari ya kawo shi ƙasarmu, ana ce masa Alhaji Mai-Inji saboda injinan niƙa dutsen da yake da su a daji. Ya zagaya gidan yana ƙwanƙwasa komai da makullin mota. Ya tsaya gaban koren ƙyauren nan ya buɗe ya rufe, ya buɗe ya rufe, ya ce, "Dillali, ko don ƙofar nan na saya." Aka yi tayi, aka yi albarka, na yi fuskokina duka bi da bi, aka sallama. Ya ba da kafin alƙalami a gaban mai unguwa, aka sa ranar da zai cika ya karɓi gida. Bawa ya shiga ya gaya wa uwarsa ta fara haɗa kayanta. Ya fito yana murmushi, ya ce ba ta musa ba. Na ce ka gani, tsofaffi sai da lallashi.

Ranar karɓar gida da hantsi na saka babbar rigata ta Juma'a, na shiga gaban motar Alhaji, Bawa a baya. Ina ta zuba, ina gaya masa yadda kwanon gidan ke kashe ido daga bakin kasuwa. Muka iso bakin kasuwa, ban ga walƙiya ba. Na ce ko hadari ne ya rufe rana, don damina ta kusa. Muka sha kwana. Sai ga mata a jere kamar masu kai kayan biki, kowace da fallen kwano a ka, suna shiga gidan maƙwabta. Inda zaure yake, sai baki buɗe, ba ƙyaure. Na ɗaga kai inda rufi ya kamata ya kasance, na ga shirwa tana shawagi. A kan katanga ga Hantsi kafinta yana zare ƙusa yana ta yin fito da baki. A tsakar gida kuma ga Inna Tumba zaune kan kifaffen turmi, carbi a hannu, tana ba da umarni kamar mai gyaran hanya.

Bawa ya diro tun mota ba ta tsaya ba. "Inna! Mi ke nan?"

"Kayana nike kwashewa, ɗana. Hantsi, bi a hankali da wanga, na shekarar da gyaɗa ta yi kyau ne."

Alhaji ya fito ya cire tabarau. Ya dubi gidan, ya dube ni. "Dillali, gidan da na saya yana da kai."

Na ce, "Alhaji, ai yanzu iska ta fi shiga."

Ban san abin da ya sa na faɗi haka ba. Bakin dillali ba ya son shiru, ko da shirun ne zai cece shi. Wasu samari biyu suka wuce ta gabanmu ɗauke da murfin rijiya, Alhaji ya matsa ya ba su hanya.

Aka aika aka kira Liman, don shi ke rabon gado a unguwar. Kafin ya iso, rabin Anka ya iso. Ya zauna a zauren da ba ƙofa, ya sa aka kira Inna, ya tambaye ta dalilin kware gidan marayu.

Ta ce, "Allah gafarta Malam, marayun ga masu gemu? Ni gidan kowa ban taɓa ba. Ga katangarsu nan, ga rumbunsu, ga ƙasa. Abin da ubansu ya gina ke nan, Allah ya jiƙan shi. Mutumin kirki ne, amma ko ƙusa bai saya ba. Ranar da anka buga kwanon ga, addu'a ya yi, kuma ta karɓu."

Liman ya ɗaga kai ya kira Hantsi. Hantsi ya amsa daga sama: "Ni na buga shi, Malam, ɗaki-ɗaki, shekara-shekara. Ita ta biya ni, da kuɗin man gyaɗa. Har warin ƙuli kuɗin ke yi." Wani mai walda ya fito daga cikin taro ya ce ƙyauren ma haka, ita ta zaɓi koren fenti. Sai matan nan masu ɗaukar kwano suka sauke, suka tsaya daga bayan katanga suna jefo shaida. Wannan ta ce da kwasar adashinsu aka yi tagogi. Waccan ta ce ranar da aka ɗaure bakin rijiya tunkiyar Inna aka sayar, ita ta kai kasuwa. Babu macen da ba ta san tarihin kowane falle ba. Mu maza kuwa, har 'ya'yan da suka girma a ƙarƙashinsa, mun ɗauka kwano tsirowa yake yi a kan gidan malamai.

A nan ne Baba Arzika ya faɗo mini a rai, zaune kan buzu da ƙwaryar fura. Ashe mutumin nan aiki yake yi. Wa ya yi rufin nan, Inna? Rijiyar fa? Yana sha yana raba kayan mamaci da na masu rai. Ni kuwa na soke babban sashen aikin, na riƙe igiya.

Liman ya ce, "Inna Tumba, kin taɓa ba marigayi kayan nan kyauta?"

"Inuwa na ba shi, Malam. Ban ba shi kwano ba."

"Kin wakilta Bawa ya sayar da tumuninki?"

"Bawa? Ko cefane ban wakilta shi, canji ba ya dawowa."

Taro ya fashe. Liman ya danne dariyarsa da gefen rawani, ya ce abin a fili yake: abin da mace ta yi da dukiyarta nata ne, ba ya shiga gado, kuma rabonta na gidan ba mai sayar da shi sai da bakinta. Cinikin bai ƙullu ba. Alhaji ya karɓi kafin alƙalaminsa. Kafin ya shiga mota ya je har gaban Inna ya rusuna, ya ce ko za ta sayar masa da ƙyauren kaɗai. Ta ce albarka. La'adata kuwa, wadda na riga na sayi babur da ita a zuciya har na ɗaura masa madubi, ta bi motar Alhaji.

Sauran maganar a zaune aka yi ta. Inna ta ce ba ta son tumuninta a kuɗi, a ƙasa take so, kuma a yanka mata ɗakinta da wurin murhunta. Sauran ɗakunan na 'ya'yanta ne, za ta mayar musu da rufi aro, muddin tana cikin gidan. Wanda ya matsu ya sayar da rabonsa, ya sayar wa ɗan'uwansa. Ƙannen Bawa suka ce sun yarda, da ma shi ya matsa. Sai Bawa ya ce, "Inna, fankar fa? Na riga na saya." Ta ce ya kawo, za ta aje ta kusa da kasko tana korar ƙuda in an kawo wuta. Liman ya ce in auna mata rabonta, kuma wannan karon ba a ce mata su shiga ɗaki ba. Suna tsaye a kaina, ina jan igiya suna cewa ta karkace.

Ina kafa turke na ƙarshe sai iska ta juya. Gabas ta yi baƙi ƙirin, ga gida tsirara, ga katifu da buhunan gyaɗa a fili. Inna ta miƙe ta tafa hannu, mata suka ruga ɗebo kwano, Hantsi ya ce shi kaɗai ba zai iya ba kafin ruwa ya sauko. Na fara sulalewa wajen zaure.

"Nomau! Ina za ka? Kai da ka san darajar kwanon ga fiye da kowa, zo ka miƙa shi."

Haka na naɗe babbar rigar Juma'a, na hau tsani, mata na miƙo mini falle ina miƙa wa Hantsi, iska na neman tashi da ni da kwanon gaba ɗaya, yaran unguwa da manyansu suna ihu duk lokacin da na yi tangaɗi. Hulata ta tafi, har yau ban san gidan da ta sauka ba. Muka rufe ɗakin Inna ana fara yayyafi. Da na ga mutane sun cika ƙasa suna kallo na, sai na ce bari in ceci ko kaɗan daga mutuncin sana'a. Na gyara murya daga saman tsani, na yi fuskar tayi, na ce:

"To Inna, tunda yau an san ke ce mai gida, duk ranar da kika yi sha'awar sayarwa, kin san inda dillali yake. La'adarki rabi zan karɓa."

Ta ɗago kai, ta kama ƙafar tsanin da hannu ɗaya, ta ɗan girgiza shi.

"Nomau, tsanin ga da kake kai, shi ma nawa ne. Ƙara kalma ɗaya in kwashe kayana."